Gida Mai Keke

A goshin zauren gidanmu, can cikin birnin Zariya, akwai wani keke da kakana ya zana da laka tun Baba bai yi aure ba. Keke sosai, da ƙafafunsa biyu, da sirdi, da ƙararrawa, har da 'yar fitila a gaba. Dagi ya nannaɗe bakin ƙofar, ga takobi a dama, ga agogo a hagu wanda ya tsaya a kan ƙarfe huɗu bai ƙara motsi ba. Duk mai yi wa baƙo kwatance a unguwarmu da shi yake yi: ka wuce masallaci, ka sha kwana, in ka ga gida mai keke to ka iso.

Ni na sa aka rushe zauren nan a shekarar 2001. Da kuɗina aka yi, kuma kuɗin zane ne.

Na faɗi wannan tun da wuri ne saboda yaran da ke zuwa koyon aiki wurina sun ɗauka da kishin gargajiya aka haife ni, kuma in an gayyace ni taro sai mai gabatarwa ya yi ta kirari, wai ga mai raya al'adun Zazzau. Ina jin kunyar kirarin nan. Gara a ji labarin daga bakin mai shi.

An haife ni a 1969, a gidan magina. Kaka magini ne, ubansa ma haka. Kamar sauran maginan Zazzau, mu ma ba ma rabuwa da zancen Babban Gwani, wato Malam Mika'ilu da ake kira Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Jini bai haɗa mu da shi ba, sana'a ce ta haɗa, amma yadda Kaka ke ba da labarinsa sai ka rantse tare suka yi kwaɓi. Yakan ce da dare Gwani ke gini, shi kaɗai, bayan masu miƙo ƙasa sun tara masa tubali sun watse, gari na wayewa sai a tarar da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, a tsaye. Baba dai tun yana saurayi ya tsere wa laka ya kama aikin reluwe. Ƙanensa, Baffa, shi ya riƙe sana'ar, kuma a hannunsa na fara sanin wahala.

Wanda bai taɓa kwaɓa ƙasar gini ba ba zai gane ba. Jakuna su kawo jar ƙasa daga kududdufi a zube, a jiƙa ta, a zuba yankakkiyar ciyawa, sannan a tura mu yara mu shiga da ƙafa. Ka yi ta tattakawa har cinyarka ta mutu. A bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake jiƙawa, a sake tattakawa. Sai ta yi danƙo tana kama ƙafa kamar ba za ta sake ka ba, sannan Baffa ya ɗebo kaɗan ya murza tsakanin yatsu, ya shinshina, ya ce ta yi ko da saura. Daga nan a mulmula tubali, mai faɗi a gindi da tsini a sama, a jera a rana. Da hunturu ƙafafuna duk faso, in na je makaranta yara su ce ga ɗan laka. Na shiga firamare a 1976, shekarar da aka buɗe ilimi kyauta ga kowa, kuma tun ranar da na sa farar riga da gajeren wando na ƙudurta cewa ni da ƙasa mun raba gari.

Amma hannu ba ya jin magana. A makarantar allo akwai wani babban almajiri da ke yi wa masu sauka zayyana. In ya zauna da alƙalaman kara da 'yan kwalaben tawada, baƙa da ja da ruwan ɗorawa, nakan manta da haddata in tsuguna a bayansa. Yadda yake raba allo gida-gida, ya cika kowane gida da wani abu dabam amma duk su zauna lafiya da juna, shi ne abu na farko da ya taɓa sa ni hadiyar yawu ba don abinci ba. Bulalar farko da na sha a kan zane kuwa, doki na zana a bayan allona washegarin hawan salla. Malam ya duba, ya ce dokin ya yi kyau, sannan ya ce in miƙo hannu.

Da na shiga sakandare, duk hutu ina Sabon Gari wajen wani mai rubuta allunan shaguna, mutumin kudu, muna ce masa Oga. Shi ke zana kawunan samari a allon masu aski, shi ke yi wa manyan motocin katako zaki da gaggafa a baya. A wurinsa na koyi haɗa kala, da wanke burushi da kananzir, da ja layi a miƙe ba tare da rula ba. Bai taɓa yaba mini ba. In aiki ya yi kyau sai ya aike ni sayo masa ƙosai ya ce in riƙe canji.

Rigima ta tashi ne ranar da na ce zane zan karanta a jami'a. Baba ya riga ya gama shirya mini Kongo, wato reshen Jami'ar Ahmadu Bello da ke unguwar Kongo a Zariya, a ransa, ko lauya ko aikin mulki.

Ya ce, "Jami'a guda za ka je ka koyo fenti? Wanda ka koya a Sabon Gari bai ishe ka ba?"

Na ce, "Baba, ba irinsa ba ne."

"To wane iri ne? Kuma ka san abin da aka faɗa a kan masu sura?"

Wannan ta biyun ita ce ainihin damuwarsa, kuma ban raina ta ba, don ni ma tana ci mini rai. Ya ɗauke ni zuwa wurin malaminsa bayan la'asar. Malam ya saurare mu tsaf, ya ce a mazhabarmu abin da aka fi tsanantawa shi ne surar mai rai wadda ke tsaye da jikinta har tana da inuwa, wanda ke shimfiɗe a takarda ko bango kuwa malamai sun yi saɓani a kansa, kuma barin abin da ake shakka ya fi. Ya ce itatuwa da gine-gine da ado irin na zayyana babu mai magana a kansu. Sannan ya dubi Baba ya ce, "Ai gidanku ma gidan zane ne." Baba bai ji daɗin wannan ba, ni ma haka. Kowa da dalilinsa. Shi ya sa dai da aka zo zaɓen fanni na guje wa sassaƙa na tsaya a kan burushi.

Na shiga sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1989. Nan na fara jin cewa garin da na tashi a ciki yana da suna a duniyar zane wanda mu 'yan birni ba mu ma sani ba. Tun kafin a kafa jami'ar a 1962, lokacin wurin yana kwalejin fasaha da kimiyya, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958: Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da abokansu. Yawancin malamansu Turawa ne, manhajar ma daga Ingila aka kwaso ta. Su kuwa suka ce za su karɓi dabarun Bature, amma abin da za su zana da yadda za su zana shi daga gidajen iyayensu zai fito. Daga baya aka riƙa kiransu 'yan tawayen Zariya. Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Duk mun haddace wannan, don yana fitowa a jarrabawa. Na rubuta shafi huɗu a kansa na ci maki mai kyau, kuma ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai cewa da ni ake ba. A zamaninmu Gani Odutokun na koyarwa a sashen, ya yi suna wajen tsiyaya fenti mai ruwa a kan yadi ya bar shi ya bi hanyarsa, mu kuwa kowa na son ya zama shi. Ni burina a lokacin in zana tuffa da kwalba su fito kamar ka miƙa hannu ka ɗauka. Ban taɓa cin tuffa ba a lokacin.

Akwai ranar da ba na son tunawa, amma in na tsallake ta labarin bai cika ba. Muna aji biyu aka ɗebe mu a bas zuwa cikin birni don mu zana gidaje masu ado. Muka shiga ta Ƙofar Doka, ina ta addu'a a zuci Allah ya sa a yi wata unguwar. Bas ta tsaya daidai masallacinmu. Ɗalibai suka bazu da allunansu a gaban gida mai keke, 'yan Legas da 'yan Binuwai da 'yan Jos, suna ta mamaki, wata ma har da tafi. Ni na ja hula na rufe goshi na laɓe a bayan wani dogo. Can sai ga Baffa ya fito daga zaure, riga duk jirwayen laka, da kwando a hannu. Yaran unguwa na shirin kiran sunana, na harare su. Baffa ya gaisa da malaminmu, aka tambaye shi wa ya yi zanen, ya ce mahaifinsa. Idonsa ya zo kaina ya tsaya kamar ƙiftawa biyu, sannan ya wuce. Bai nuna ya san ni ba.

Da na je gida ƙarshen mako, muna cin tuwo, abin da ya ce kawai shi ne, "Na ga baƙinka ranar Talata. Yara masu ladabi."

Tuwon nan da ƙyar ya wuce.

Na gama, na yi hidimar ƙasa a wani ƙauye a jihar Inugu, inda na ga tsofaffin mata na zana uli a bangon laka da yatsa, na yi ta ɗaukarsu hoto ina yabawa, ni da na ɓuya daga namu. Ina can labari ya iso a 1995 cewa Odutokun ya rasu a hatsarin mota. Na dawo na kama koyarwa a wata sakandare, na yi aure. Wajen neman auren ma sai da aka yi 'yar dariya: da aka tambayi sana'ata waliyyina ya ce mai zane ne, wani kawun yarinyar ya ce madalla, dama ɗakunan gidansa na son fenti kafin biki. Na je na yi masa. Mata ake nema, ba a musu.

Kasuwar zane a Legas take, wannan kowa ya sani. Na fara kai aiki can wajen 1998, kuma nan da nan na gane abin da ake so daga hannun ɗan Arewa: doki, rawani, algaita, sai 'yar Fulani da ƙwaryar nono. In ka kawo mahaya sun taso da ƙura a guje, an saya. In ka kawo wani abu dabam, a ce yana da kyau amma ba Arewa ba ne. Mutumin da bai taɓa haye Neja ba shi zai gaya maka mene ne Arewa. Ban yi gardama ba, na zauna na yi ta ɓarin dawaki. Har na kai ina iya gama hawan daba guda a kwana uku ba tare da na kalli doki ba. Wani dillali ya karɓi guda goma sha biyu ya biya ni kuɗin biyar, sauran har yau ana lissafi. Duk da haka kuɗi sun shigo. A ƙarshen 2000 wani kamfani ya sayi manya guda shida a lokaci ɗaya don ofisoshinsa, na riƙe kuɗin da ban taɓa riƙewa ba.

Daminar shekarar ta yi wa zaurenmu illa. Kaka ya daɗe da rasuwa, Baffa ƙarfi ya fara ja baya, shekara uku ba a yi yaɓe ba. Indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, bango ya tsage daga zanko har kusan sirdin keken. Inna ta ce ita ba ta ƙara barin jikokinta su yi wasa a ciki. Maƙwabta kuwa duk sun koma bulo da kwano, namu ne ya rage kamar haƙorin tsohuwa. Na tara su na ce zan rushe in gina na zamani. Baba ya yi murna, ɗansa mai fenti ya zama mutum.

Baffa ya same ni ni kaɗai bayan isha'i. Ya ce, "Ɗana, azarar nan lafiyarta ƙalau, giginya ce, gara ba ta cin ta. Tsagewar ta fata ce, ba ta kai ƙashi ba. Ka ba ni jaki ashirin na ƙasa da yara huɗu da mako uku. Ko ushirin abin da za ka kashe ba zai ci ba."

Na ce, "Baffa, baɗi ma haka za a sake. Har yaushe?"

Ya ce, "Har abada mana. Kai ba kullum kake wanka ba?"

Na yi dariya na ce zamani ya wuce nan. Na tuna kalmar da na yi amfani da ita, na ce a huta da wahala. Ya ce to, Allah ya sa albarka. Bai ƙara tayar da zancen ba.

Lebura shida suka zo da diga. Sun ɗauka aikin yini ɗaya ne, sai da suka kwana uku, don bangon da na ce ya mutu ƙin faɗuwa ya yi. Kaurinsa a gindi ya fi kamu huɗu. Diga na sauka tana tashi kamar a kan dutse. Rana ta biyu da hantsi suka kai ga keken. Ƙafar baya ta ɓallo ɗungurungum ba ta fashe ba, ta faɗo ta jingina da tarin ƙasa, yara suka ɗauka suna gara ta a lungu har ta wargaje. Baffa na zaune a dakalin gidan da ke kallonmu, da carbi, tun safe har aka tashi. Ina da kyamara a lokacin, ina da fim a ciki. Ina tsaye ina lissafin buhunan siminti, ban ɗauki ko hoto ɗaya ba.

Sabon zaure ya yi kyau, an shafa masa shuɗin fenti. Bazara na zuwa Baba ya kwashe tabarmarsa ya koma gindin darbejiya, don ciki ya zama tanda. Mutane kuma ba su fasa cewa gida mai keke ba. Har yau haka ake kwatance, yaran da aka haifa bayan nan suna faɗa ba su san dalili ba.

Ba zan ce nadama ta zo mini a dare ɗaya ba. Na ci gaba da dawakaina shekara biyu cur. Sai a 2003 da ciwo ya kwantar da Baffa nake zuwa zama da shi da yamma. Wata rana yana kishingiɗe a tsakar gida, sai na ga yana wasa da yatsa a cikin rairayi. Dagi ya ja, layi ɗaya, bai ɗaga yatsa ba har ya dawo inda ya faro, kowane zare ya bi ta saman wani ya shige ta ƙarƙashin na gaba. Ya shafe da tafin hannu ya sake wani mai kai shida. Na ce bari in gwada. Na yi sau biyar ina ɓata, ni mai digiri. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Kai kana kallon layin ne. Ramukan za ka fara sawa." Ya dangwala ɗigo-ɗigo a jere, ya ce layi kewaya su kawai yake yi, kamar mai bin lungu yana kauce wa gidaje.

Wata bakwai na yi ina zuwa da littafi. A nan na ji abin da na tattaka da ƙafata shekara goma ban tambaya ba. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake jiƙa ta, ita ke sa bango ya yi duhu-duhu ya ƙi shan ruwa. Laso kuwa, wanda ake shafe rufi da shi, katsi ne na gindin karofi, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi. Ka ga marini da majemi da magini duk a bango ɗaya, in ɗaya ya mutu sauran sun yi rauni. Ya nuna mini yadda ake ɗora ado tun yaɓe na da danshi, a zana da yatsa, a yanke da wuƙa, a tayar da wani wuri a kwantar da wani don rana ta samu inda za ta ajiye inuwa. Ya ce adon bango da hantsi ake dubansa ko da la'asar, da tsakar rana kowane bango makaho ne. Na tambaye shi dalilin keken. Ya ce a lokacin wanda ya mallaki keke ya kai, Kaka kuwa bai da shi, sai ya ce tunda ba zai iya saye ba zai gina. Agogon fa? Ƙarfe huɗu lokacin tashi daga aiki ne.

Zancen rushe zauren bai taɓa fitowa daga bakinsa ba. Ni na kawo shi, saura kwana kaɗan ya cika. Na ce Baffa ka yafe mini. Ya ce, "Ƙasa ce, ta koma inda ta fito. Wanda ya dame ni ranar Talatar nan ce." Shekara goma sha uku yana riƙe da ita. Ya rasu a farkon 2004, Allah ya jiƙansa.

Daga nan na shiga yawon birni da littafi da kyamara, unguwa-unguwa, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, daga Ƙofar Kuyambana zuwa Ƙofar Kona. Duk bangon da ke da sauran ado sai na yi sallama. Wasu su ɗauka ma'aikacin haraji ne, wasu su ce gwamnati za ta biya su ne. Wani dattijo ya ce in ina so in ɓamɓare in tafi da shi, shi kwano yake nema. Ban ga laifinsa ba, kuma har yanzu ina jin haushin masu zuwa daga Abuja cikin mota mai sanyi suna cewa mutanenmu ba su san darajar tarihi ba. Gidan ƙasa kullum yana son hannu. Da can gida na da samari goma da za su yi yaɓe kafin damina, yanzu suna makaranta ko suna kan babur. Magina sun ƙare, na kirkin da suka rage tsofaffi ne. Ga rabon gado: gida ɗaya a yanka shi bakwai, kowa ya ja bulo a kasonsa. Wanda ke kwana a ƙarƙashin rufin da ke ɗiga ba ya bukatar lacca. Ni da na san komai ma ai na rushe. Shi kansa masallacin Babban Gwani, ginin zamani ne ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon, mai son ganin siffarsa ta waje sai ya je gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos inda aka yi kwafinsa. Rabin gidajen da na ɗauka a littafina na farko yanzu babu su.

Aikina ma ya juya. Na ajiye dawaki na fara ɗora jar ƙasa da makuba da katsi a kan yadi. Na farkon duk suka tsattsage suka zube, na wayi gari na tarar da zanena a ƙasa kamar an share tsakar gida. Wani da na sayar, mai shi ya dawo da shi bayan wata biyu, wai yana yi masa ƙura a falo. Sai da na shekara ina gwaji kafin na dace: buhun algarara a kan katako, a tankaɗe ƙasar da rariyar gari, a haɗa da ƙaro da farin gam na kafintoci, a ɗora siriri-siriri har hawa biyar, kowane hawa ya bushe a inuwa. Na kai Legas, dillali ya zagaya su ya ce, "Ina dawakan?" Shekara huɗu ban sayar da abin kirki ba. Albashin koyarwa da ɗinkin hular maiɗakina su suka riƙe gidan, kuma ba ta taɓa ce mini in koma wa doki ba, sai dai takan ce in daina shanya ƙasa a kan igiyar wankinta.

A hankali aka fara tambaya. Aka nuna aikin a Kaduna, aka nuna a Abuja, daga baya Legas ɗin ma ta waiwayo. Ban yi kuɗi ba. Da aka sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu, mai zane ɗan Najeriya, a Landan a 2018 kan fam miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, 'yan uwa suka yi ta bugo waya suna tambaya ko nawa ma sun kusa. Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na 2023, da aka karrama Demas Nwoko a Banis ta Italiya da lambar yabo ta aikin rayuwa a fannin gine-gine. Ɗaya daga cikin yaran nan na 1958 ne, ya tsufa yana gini da jar ƙasa da katako. Na zauna ina tunanin Baffa, wanda ko sunansa ba a taɓa rubutawa a jikin abin da ya gina ba.

Yanzu duk Asabar yara na taruwa a wani kango da na saya a bayan ganuwa. Mukan fara da ɗigo a rairayi, kamar yadda aka fara da ni. Abin da ban zata ba, 'yan mata masu zanen lalle sun fi kowa hannu, dagin da ke ɗaukar namiji wata guda su a mako suke kama shi. Masu kuɗi kuma sun fara son ado a ƙofar gida, sai dai da siminti suke so, a shafe da fenti mai ƙyalli. Raina ba ya so, siminti ba ya karɓar yatsa, kafin ka gama tunani ya daskare. Amma muna yi, don yaran su ga sana'ar na ciyar da mai ita. Tsohon magini ɗaya ya rage da nake ɗaukowa ya duba mana, in ya ga na siminti sai ya kau da kai ya nemi a ba shi goro.

Keken kuwa na zana shi daga ƙwaƙwalwa ya fi sau goma, ko ɗaya bai zauna ba. Goggo, autar su Baba, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka tashi da shi. Duk wanda na kai mata sai ta kalla ta ce, "Wannan keken kanti ne. Na Baba ya fi ƙiba."

Bara, da azumi, saƙo ya shigo mini a Facebook daga wata da muka yi aji ɗaya, 'yar Binuwai, yanzu tana da jikoki. Ta ce tana kwashe tsofaffin takardu ta ci karo da zanen da ta yi ranar da aka kai mu birni, ta ga ina sa hotunan bangaye shi ya sa ta turo, ko na san gidan. Fensir ne a takarda da ta yi ja. Ga dagin, ga agogon, ga takobin. Ta faro daga hagu ba ta auna ba, takarda ta ƙare mata a tsakiyar keken, babu ƙafar gaba, babu fitila. A bakin ƙofa ta zana wani mutum da kwando, layi huɗu ko biyar kawai, ba fuska, amma kafaɗar nan da ta ɗan karkata ko a cikin dubu zan gane ta.

Na rubuta mata cewa gidanmu ne, mutumin kuma ƙanen mahaifina ne. Ta ce ai ba ta sani ba, me ya sa ban faɗa ba ranar? Na daɗe ina kallon wayar, sannan na rubuta mata dalilin.

Na kai wa Goggo. Ta kawo shi dab da ido, ta daɗe, ta ce, "Yauwa. Ka ga sirdin? Haka yake." Ta ce ƙafar gaba ta ɗan fi ta baya girma, don Kaka ya faro ta da safe da ƙarfinsa, kuma fitilar sama take kallo, ba hanya ba.

Bangon gabas na kangon na ware masa. Jakuna ba su da yawa yanzu, a-kori-kura ce ta kawo ƙasar. Mun jiƙa ta ranar Asabar da ta wuce, mun zuba ciyawa, ni da yara tara muka shiga da ƙafa. Tsohon maginin ya murza, ya shinshina, ya ce da saura, a ba ta kwana huɗu.